Ƙullin Mai Sanyi

Litinin, da hantsi

Zuwa ga maigidana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata takardar nan za ta iske ka da sauƙi fiye da yadda na baro ka. Yaya jikin? Ƙafar ta fara jin magana? Hannun fa? Ka gaishe mini da babban ɗanka Babba da matarsa da yaransu. Mu nan lafiya ƙalau in ka cire zafin gari. Na ce "mu" ne don sabo, ka san ni kaɗai ce a gidan, sai ƙadangarun bayan ɗaki.

Tunda ka hana a miƙa maka salula, wai sai harshenka ya gama warwarewa, na ce bari in koma wa biro. Ba ka da hujjar ƙin takarda, ciwon bai taɓa maka ido ba. Direban motar safe, maƙwabcinmu, ya ce zai riƙa kai wa Babba a wurin aikinsa.

Abin da ya sa na rubuto, Tsohuwa ce ta kwanta. Esin ɗakinmu, na'urar sanyi, nake nufi, kada ka ɗauka ni ce. Shekaranjiya da rana na kunna ta, ta yi 'yar ƙararta, ta buɗe baki kamar kullum, iska tana fitowa, amma iskar ba ta da maraba da ta tsakar gida. Na ba ta rabin awa ko za ta tuna aikinta, ba ta tuna ba.

Kada ka ce na naɗe hannu. Na canza batirin rimot. Na duba ko na danna wani abu da kuskure na mayar da ita fanka zalla, ban danna ba. Na hau kujera na zare ragar nan guda biyu na wanke, na shanya a inuwa yadda kake so, ba a rana ba. Na je wurin mita na sauke makunni na mayar. Daga nan na zagaya bayan ɗaki wurin injin waje. In aka kunna sai ya yi ɗan gurnani, fankarsa ba ta motsi, can sai ka ji ƙas, ya yi shiru. Bayan 'yan mintoci ya sake gwadawa. Bututun nan mai kauri da ya saba yin raɓa, na taɓa shi na ji a bushe, har da ɗumi. Na kashe ta daga bango don kada ta yi ta wahalar da kanta.

To iyakar sanina ke nan, sauran sai mai ita.

Shago yana nan a kulle, ina share gabansa kowace safiya. Har yanzu mutane ba su daina zuwa ba. Jiya wani ya sauke firij daga bayan mota kafin ma ya yi sallama, da na ce ba ka nan sai ya tsaya yana kallona kamar ni na ɓoye ka. Kowa tambayarsa ɗaya, yaushe Mai Sanyi zai dawo. Ina ce musu ya kusa. Wata huɗu ke nan ina faɗin haka, har matar direba ta fara riga ni ba su amsa ta kan katanga.

Maigida, Babba ya gaya mini likita ya ce yanzu sau ɗaya a wata yake son ganinka, sauran duk motsa jiki ne da za ka iya yi a ko'ina. Daga nan zuwa asibitin tafiyar awa biyu ce, ba bangon duniya ba ne. Ba cewa na yi ka zo don ni ba. Amma shekara goma sha tara babu hannun da ya taɓa shiga cikin Tsohuwa sai naka, na kuma san ba za ka so wani ya fara yanzu ba. Ko a kujera ka zauna ka saurari kukanta, ai ka duba ta.

Ina jiran amsa, ko layi ɗaya ne ka sa matar Babba ta rubuta.

Taka,
'Yar Tela


Lahadi, bayan azahar

Maigida,

Sallama da gaisuwa, da fatan ka tashi lafiya, jiki kuma yana ƙara sauƙi. Matar Babba ta ce ka fara hawa matakala uku ba tare da an riƙe ka ba. Na ji daɗi ƙwarai. Allah ya ƙaro afuwa.

Saƙonka ya iso, ko da yake ba a takarda ba. Babba ya kira ya ce ka karanta wasiƙata sau biyu, ka ninke ka sa a aljihu, sannan ka ce a kira mai gyara. Sai da na sa shi ya maimaita. Kai da ko ƙwan fitila wani ya canza a gidan nan sai ka bi bayansa ka sake murɗawa, yau kai ne da cewa a kira mai gyara. Na ce masa to, na ajiye salula.

Shi Babba ma ba gyaran yake so ba. Ka san ɗanka, abu ya yi tari sau ɗaya sai ya ce a sayi sabo. Ya ce Tsohuwa ta girmi aurensa, tana shan wuta ba kaɗan ba, irin gas ɗinta ma sai a wurin masu tsofaffin kaya, kuma in an gyara wannan yau, gobe wani wurin ne zai tashi. Ya ce na yanzu ko motsinsu ba a ji. Na ce ni kuwa motsin nake so. Ya yi dariya, ya ɗauka wasa nake yi.

Ba wasa nake yi ba. Gidan nan ya yi shiru da yawa. Da, ina kicin ina jin ka a shago, kana bubbuga ƙarfe, kana yi wa firjin mutane faɗa sai ka ce suna ji. In rana ta take ka shigo ka kunna Tsohuwa, ka miƙe a ƙasa ka ce minti goma, ka share awa guda. Tun da na dawo daga asibiti ita kaɗai ta rage mai ƙara a gidan, yanzu ita ma ta bi sahunka. Na koma dafa abinci a ƙaramar tukunya, shi ma sai ya kwana. Yini nake a baranda da mafici, ina kallon masu wucewa, har na san wanda yake makara wurin aiki a layin nan.

Akwai maganar da na haɗiye tun ranar da aka sallame ka, bari in fito da ita tunda takarda ba ta ganin fuska. Wata biyu na yi ina kwana a kujerar asibiti. Ni na juya ka, ni na goge maka jiki, ban taɓa jin nauyin abin ba ko na rana ɗaya. Ranar da za a wuce da kai gidan Babba na haɗa jakata tare da taka, sai ka nuna tawa da hannun hagu ka ce in koma gida in kula da shago. Wane shago, maigida? Wanda ke kulle? Na san dalili. Na ga yadda kake kau da kai duk lokacin da na kai maka cokali baki. Ka fi son ɗanka ya gan ka a haka da ni in gan ka, kuma ka sa wa ranka layin nan ba zai gan ka kana jan ƙafa ba, sai ranar da hannun dama zai iya riƙe sukundireba. Ka yanke hukuncinka kai kaɗai, ni da za a bari da bango huɗu ba a tambaye ni ba. Raina ya ɓaci, har yanzu kuma bai gama hucewa ba.

Babba ya ce zai turo Mai Takarda ranar Laraba, mai gyaran nan na bakin kasuwa da ka laƙaba wa sunan saboda satifiket ɗin da ya rataye a shagonsa. Ban ce e ba, ban ce a'a ba. Da sauran kwana uku, motar safe kuma kullum tana tashi daga wajenku da azahar ta dawo nan.

Ka riƙa shan maganinka a kan lokaci.

Taka,
'Yar Tela


Alhamis, da safe

Maigida,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina yi maka ya jiki. Wannan takardar ka karanta ta kai kaɗai, in ka gama ka yaga. Shi ya sa ka ga na manne bakinta da baƙin salatif ɗinka da ka bari a ɗaki.

Na yi ɓarna, har guda biyu.

Ta farko ƙarya ce. Tun ranar farko na san abin da ke damun Tsohuwa. Tana cikin gurnani na zura sanda na tura fankar waje, ta kama juyawa da kanta. Shekara talatin da biyu ina kai maka shayi shago, sau nawa na ga ka yi wannan ka ce kafasita ce ta mutu, gwangwanin nan mai haƙora a ka da ke ba inji ƙarfin tashi. Na ma san akwai irinta guda uku a kanta ta biyu, bayan kwalin fiyus. Na ɓoye maka ne don ka ga abin da girma ka taso.

Ta biyu ta fi muni. Jiya na zauna a baranda har motar direba ta shigo, na ga mutanen da suka sauka, ba ka cikinsu. Bayan la'asar Mai Takarda ya zo. Ka daina yi masa dariya, mutum ne mai ladabi, ya tambayi jikinka sosai, kayan aikinsa kuma kowanne da gurbinsa, ba irin akwatin wani da na sani ba. Yana buɗe murfin injin waje ya nuna mini kafasitar, kanta ya kumbura. Sai ya ga wayoyinta uku, ɗaya da ƙulli ɗaya, ɗaya da biyu, ɗaya da uku. Ya yi murmushi, ya ce ya sha jin labarin ƙullin Mai Sanyi amma bai taɓa gani da idonsa ba. Ya ce aiki ne na mutanen da, sai dai ƙulli yana gajiyar da waya, littafi bai yarda da shi ba. Ya zare su duka ukun a lokaci ɗaya, ya sa filaya ya warware, ya miƙar da su, ya datse bakunansu ya yi musu sababbi. Sannan ya ɗauko sabuwar kafasita ya ce zai jona yadda kamfani ya tsara, ja a nan, ruwan ƙasa a nan, ruwan lemo a nan.

Ina tsaye a kansa da kofin ruwa a hannu.

Duk garin nan sun ɗauka ƙullin nan ado ne, wai shi ne sa hannunka. Ni da kai ne kawai muka san cewa ja da ruwan ƙasa da ruwan lemo duk abu ɗaya ne a idonka. Ka tuna satinmu na biyu da aure, ka kawo mini mayafi biyu ka ce ka sayi iri ɗaya ne don in ɗaya ya tsufa in ɗauki ɗayan, alhali ɗaya ja ne ɗaya kore. Ni 'yar tela da na tashi cikin zare, na yi dariya har na ga kai ba dariya kake yi ba. Ranar ka rufe ƙofa ka gaya mini, ka ce in aka ji, babu mai sake ba ka ko fanka ka gyara. Tun daga nan in aka kawo sabon aiki sai ka leƙo ka ce 'Yar Tela a kawo shayi. In zo da shayin, in tsaya kamar ina kallo, in taɓa waya in faɗi launinta ƙasa-ƙasa, kai kuma ka ɗaure mata ƙullinta. 'Ya'yan da muka haifa ma ba su sani ba. Babba har yau yana ba da labarin yadda babansa yake shan shayi sau shida a yini.

Kuma na san na Tsohuwa ba kamar sauran ba ne. Shekarar da ɓeraye suka cinye mata wayoyi ina can ina jinyar mahaifiyata, ba ka da mai duba maka. Ka yanko wasu daga wata matacciyar esi irinta ka jona, launukan na kamfani ne amma kowanne ba a gurbinsa ba. Da na dawo na gani na ce ka gauraya su, ka ce a bar su, ita ma wuta ba ta ganin launi. A injin nan ƙullin ne kawai gaskiya, ga shi an warware a gabana.

Kalma uku ce, kada ka bi launi. To huɗu. Yanzu da nake rubutu na ga hanya goma da zan iya faɗa ba tare da na tona ka ba. Ko cewa na yi ɓera ya ci aka sa abin da aka samu, ai ya wadatar. A lokacin ko ɗaya ba ta zo mini ba. Bakina ya saba rufewa duk inda aka ambaci launi a gaban baƙo, sai na ji ya rufe da kansa. Kuma tunda yau ranar faɗin gaskiya ce, can cikin raina ban so ya iya ba. Ban so a ce wani ya tayar da ita kana raye.

Ya ce in kunna. Fankar ta tashi da wani irin gudu da ban taɓa gani ba, kwampreso, injin da ke matse gas ya ba da sanyi, ya yi gurnani ya yanke. Ya ce a ba shi lokaci. Muna tsaye wari ya fara tashi, sai hayaƙi daga bayan fanka. Ni na ruga na sauke makunni.

Bawan Allah ya jiƙe sharkaf da gumi. Ya gwada nan ya gwada can, ya ce motar fanka, wato ɗan injin da ke juya ta, ta ƙone, kwampreso kuma da alama dama ya riga ya cije. Ya yi ta ba ni haƙuri, ya ƙi karɓar ko sisi, ya tafi yana juya abin a ransa. Na bar shi ya tafi da laifin da ba nasa ba.

Ka yafe mini. Ka bar mini abu da ƙaramin ciwo, na mayar da shi babba. Tun jiya ban iya zagayawa bayan ɗaki ba.

Taka,
'Yar Tela


Talata

Maigida,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya ƙarfin jiki? Kwana biyar ban ji daga gare ka ba, ban sani ba ko fushi ne ko shirun da ka saba.

Babba ya gama magana. Ya zaɓi sabuwa, ya ce ranar Asabar ta sama za a kawo a ɗaura. Mai Takarda ya dawo jiya ya auna bango. Na tsare shi na ce ya gaya mini tsakani da Allah, in tasa ce zai gyara ko zai yar. Bai yi mini rufa-rufa ba. Ya ce motar fanka ana samu, amma in kwampreso ne, abin da za a kashe ya kusa kai rabin sabuwa, kuma ko an yi ba zai iya yi mini alkawarin shekara biyu ba. Ya ce ƙarfen irin na da ne mai kauri, ba a yin irinsa yanzu, amma tsufa tsufa ne. In na ɗaura sabuwa, tsohuwar zai saya ya cire abin da zai cire.

Na san duk gaskiya suka faɗa, shi da Babba. Ni ma ba ƙaramar yarinya ba ce, zafin nan yana taɓa ni, ƙafafuna sun fara kumbura da rana. In lissafi ne, sabuwa ta ci. Amma da ya ce zai cire abin da zai cire sai na ji kamar a jikina. A gabana likita ya gaya wa Babba kada a sa rai da yawa da hannun nan naka, na kuma san kai ma ka ji, idonka ne kawai a rufe. Tun ranar kowa yake magana a kanka da irin muryar da Mai Takarda ya yi magana a kan Tsohuwa, har kai kanka.

Shekara talatin da biyu kana aiki da idona, ban taɓa ganin ka ragu ba, kai ma ba ka taɓa jin kunyata a kan haka ba. To me ya sa hannu ya zama daban? Ina da biyu, ba abin da suke yi sai riƙe mafici. Abin da ke cikin kanka ciwo bai taɓa shi ba. Ka faɗa, ni in yi.

Na roƙi Babba kada ya biya sai ranar Juma'a ta sama. Ban gaya masa dalili ba.

Taka,
'Yar Tela


Juma'a, da yamma

Zuwa ga maigidana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwa mai yawa, da fatan kana samun sauƙi, da fatan su Babba da yara suna lafiya.

Shekaranjiya da na ji tsayuwar motar direba na fito har bakin titi ba takalmi. Shi kaɗai ya sauko, ya miƙo mini ambulan.

Na ga aikin hannun hagu. Layukan sun karkace, gwangwanin da ka zana ya fi kama da tulu, biro ya huda takardar a wuri biyu. Matar Babba ta ce kwana uku ka yi a kai, ka yaga takarda ta fi goma, ka hana kowa ya taimaka. Amma na gane komai. In manta da launi, in bi kowace waya da yatsa har inda ta fito. Wadda ta fito daga kwampreso ta hau wurin mai haƙora uku, ta fanka ta hau mai haƙori ɗaya, wadda ta kawo wuta ta hau mai huɗu. Na gane zanen mitarka ta gwaji da inda allura za ta tsaya in kwampreso yana da rai. Na gane kibiyar da ta nuna ƙarƙashin bencin shago, inda motar fanka take a cikin buhu.

Jiya tun da sanyin safiya na buɗe shago, karo na farko tun tafiyarka. Warin mai da ƙarfe yana nan yadda ka bar shi, har da kofinka a kan benci. Ban tsaya ba, don na san in na tsaya ba zan yi aikin ba. Na sauke wuta, na taɓa haƙoran kafasita da sukundireba mai hannun roba yadda ka zana. Na ɗora mita a kan kwampreso, allura ta tafi ta tsaya daidai inda ka ce. Ashe bai mutu ba, abin da ke kare shi ne yake yanke masa wuta. Na zauna a ƙasa na yi hamdala.

Motar fanka ce ta ba ni wuya. Kusoshi huɗu, uku suka fito lafiya, na huɗu ya yi tsatsa ya ce sam. Na zuba masa mai, na je na sha ruwa, na dawo na yi masa faɗa irin naka, sai ga shi ya juya. Na fasa farce biyu, na yanke a bayan hannu, ba wani babba ba ne. Rana ta kore ni kafin in gama, sai yau da safe na ƙarasa. Da na jona wayoyin na ɗaure musu ƙullinsu, ɗaya, biyu, uku. Nawa ma ya fi naka kyau, kada ka manta gidan da na fito.

Na mayar da wuta na tsaya daga nesa. Fanka ta tashi a hankali yadda ta saba. Sai na ji kwampreso ya kama, da wannan 'yar girgizar da ke kaɗa gilashin taga. Na riƙe bututu mai kauri har na ji ya fara sanyi a tafin hannuna, na ga raɓa ta fito. Na kira Babba na ce ya bar kuɗinsa a aljihu. Ya ce wa ya gyara, na ce babanka. Na aika wa Mai Takarda cewa laifin ba nasa ba ne, wayoyin ne a gauraye tun shekarar ɓeraye, iyakar abin da na faɗa ke nan. Ban san kwana nawa za ta ƙara ba, wataƙila shekara, wataƙila ba ta kai ba. In ta sake kwantawa da ciwon da ya fi ƙarfinmu, na yarda a sayi sabuwa, ba zan yi gardama ba.

Yanzu a ɗaki nake rubuta maka wannan, ƙofa a rufe, har na jawo mayafi na rufe ƙafafuna. Takardarka tana gabana. Kalmomin da ka rubuta a cikinta duka guda huɗu ne, ki sauke wuta tukuna, ka ja musu layi uku a ƙasa. Na san abin da suke nufi, na gode. Amma na juya bayan takardar, na leƙa cikin ambulan, na sake juyawa. Na ce ka faɗa in yi, ina nufin kana zaune a gefena, kai kuma ka aiko da faɗar a mota.

Ban taɓa nadamar aikin da ya yi kyau ba sai yau. Tun azahar nake zagaya gidan ina neman abin da zan ce ya lalace. Firij lafiya, famfo lafiya, fankar falo ko ƙara ba ta yi, ka gyara komai da kyau har ka bar ni ba abin kamawa. Na yi tunanin in zagaya in zare waya ɗaya in sake rubuto maka, amma na gaji da yi maka ƙarya.

Babu abin da ke buƙatar hannunka a gidan nan, maigida. Ba ni da sauran wata hujja. Ni ce kawai, kuma na gaji da zama ni kaɗai. Ka dawo gida yadda kake.

Taka har kullum,
'Yar Tela